Rakiya Har Nguru

Mahaifiyata ba ta shiga mota. Duk wanda ya san mu a Dogo-Dogo ya san da wannan, har an gaji an daina yi mata tayi. Ba rantsuwa ta yi ba, ba kuma taurin kai ba ne, ko da yake taurin kai kam Allah ya hore mata, mu ma ba a bar mu hannu wofi ba. Tun ina goye abin ya faru. Ta je kasuwar Magarya sayar da man gyaɗa, a hanyar dawowa babbar motar da suka shiga ta kife da su cikin yashi. Ni da ita ko ƙwarzane ba mu yi ba. Maƙwabciyarta da suke zaune kafaɗa da kafaɗa suna cin rogo, ita ba ta tashi ba. Daga ranar, da Inna ta sa ƙafa a bakin ƙofar mota sai jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya karyo mata, numfashi ya tsaya mata a maƙogwaro. An yi rubutu, an yi hayaƙi, likita a Dungas ya ba ta ƙwayoyi, duk ba su ce komai ba. Babur ma ba ta hawa. Duniyarta ta tsaya iyakar inda ƙafa da amalanken shanu za su kai ta.

Abin dariyar shi ne, babu wanda ya kai ta zuwa tasha. A wajenmu ba a barin matafiyi ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora. Ana yi masa rakiya har bakin mota, a ga inda ya zauna, sannan a ba shi sallahu: wa zai gaisar, wa zai yi wa ta'aziyya, wane ƙullin daddawa ne na wa. Direba kuma ba ya tashi sai mai rakiya ya gama, balle in tsohuwa ce. Inna takan tsaya nesa kaɗan da ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi saboda warin mai, ta jero gaisuwa gida-gida har da na yaran da ba a yaye ba. Akwai direban da in ya hango ta tafe sai ya kashe mota ya fita neman shayi. Tun da take, ba a taɓa tashi an bar ta da magana a baki ba.

Tana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke aure a Nguru, can cikin Nijeriya. Mu Iya muke ce mata. Iya ce ta raine ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi mata kitson aure. Da Iya na da lafiya, kowace shekara bayan an ɗaure gero sai ta zo mana da busasshen kifi, su kwana suna hira a ɗaki guda kamar 'yan mata. To sai ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta tashi, magana ma da ƙyar. Ɗanta yakan kara mata waya a baki, mu kuma mu kara wa Inna a kunne, ba ka jin komai sai numfashi da wani suna da take kiran Inna da shi tun suna yara, sunan da babu mai kiranta da shi a duniya sai ita.

Inna ta rame a tsaye. Sau ɗaya ta ce a kawo mota ƙofar gida, za ta rufe ido ta shiga ko za ta mutu. Aka kawo. Ta sa ƙafa ɗaya, sai ga ta a ƙasa muna yi mata fifita. Da ta farfaɗo ta yi kuka a gaban jikokinta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar Dungas, na koma bakin aiki raina a dagule, ina huce haushina a kan yaran mutane.

Kawu, ƙanensu, shi ya kawo maganar jirgi. Manomi ne, yana da bijimai biyu da amalanke, kuma in ya fara gaisuwa sai ka nemi wurin zama. Ya jiyo a kasuwar Maigatari cewa an gyara tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta bi ta Gagarawa ta ƙare a Nguru, har ya fara ɗaukar mutane bayan shekarun da ciyawa ta rufe ƙarfen. Ya ce Gagarawa ai ba baƙon wuri ba ne, can kakanmu yake kai gyaɗa a kan jakuna zamanin da gyaɗa ke da daraja, kuma inda jaki ya je bijiminsa zai je. Shi kansa bai taɓa ganin jirgi ba, amma ya yi wa Inna bayaninsa kamar shi ya ƙera shi. Inna ta saurare shi har ƙarshe, ta ce za ta je ta gani da idonta, amma kada kowa ya ce ta yi alkawari.

Da aka ba mu hutu muka ɗaura amalanke. Inna ta cika shi da man gyaɗa da daddawa da kuka da tsamiyar gidan ubansu, har da zabbi biyu a cikin kwando. Muka tsallaka iyaka ta Maigatari, muka yada zango wajen dangi a Gumel, motoci na wuce mu suna yi mana oda kamar mun tare musu abinci. Ni da ake kira Madam a Dungas, ga ni a kan buhun gero ina kare rana da faifai. Ban damu ba. Duk tafiyar idona na kan Inna, ita kuma tana ta jan carbi.

Tashar Gagarawa 'yar ƙarama ce, amma ranar da jirgi ke wucewa cika take yi. Mata da kwanduna, ɗalibai da akwatuna, wani tsoho da keken ɗinki a ka, masu tallan ƙwai da rake suna ta kai da kawo. Kawu ya ɗaure bijimai a gindin wata bishiyar maina. Na je na yanki tikiti biyu, na ƙulle a bakin zane. Muna zaune a inuwa sai ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashinmu, can kuma muka ji kukan jirgin daga nesa. Inna ta kama tsintsiyar hannuna ta matse har sai da na ji zafi. Ya shigo yana huci, tarago bayan tarago, ya tsaya. Na dubi fuskarta na ga gumin nan da na sani.

"Auta, ba zan iya ba," ta ce. "Ki je ke. Ki kai mata kayan."

Na yi magiya, Kawu ya yi. Na ce mata duk wannan tafiyar da muka sha fa, ta ce ta sani. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ta kururuwa, amma mutane na ta shiga, babu lokacin rarrashi. Na kwashi kaya na hau ina haɗiye hawaye, haushinta da tausayinta sun cakuɗe mini. Na samu wuri kusa da taga, gaban wata mata mai jiki, 'yar kasuwar kifi da ke komawa gida Nguru. Na tura zabbi ƙarƙashin kujera na leƙa waje.

Inna ta matso gindin tagar don ta ba da sallahu. To tagar jirgi ba tagar mota ba ce, tana can sama, Inna kuwa gajera ce. Ta ɗaga murya, mai rake ya fi ta. Ta sake ɗagawa, mai ƙwai ya shiga tsakani. Kuma abin da take so a faɗa wa yayarta ba abin da ake shelarsa a tasha ba ne. Sai na ga ta juya ta ce wa Kawu ya je ya gaya wa direba ya ɗan dakata, tana da magana da yarinya. Kawu ya gyaɗa kai, abu mai sauƙi, ya saɓa bulalarsa ya nufi kan jirgi yana gaisawa da mutane a hanya. Ko a ransa bai kawo cewa akwai direban da zai ƙi ba.

Ita kuma ta zo bakin ƙofar taragon ta leƙa. Ƙofa ce mai faɗi, ba a sunkuyawa. Babu warin mai, injin na can gaba inda ido ba ya kaiwa. A ciki wata ta shimfiɗa tabarma tana ba ɗanta nono, wani ya miƙe ƙafa yana gyangyaɗi. Daga baya ta ce mini ita zaure ta gani, ba abin hawa ba. Shi ya sa ta yi abin da tarbiyya ta koya mata: ta tuɓe takalmanta ta jera su a ƙasa gindin matakala, ta yi sallama, wani ya miƙa mata hannu ta hau. Jikinta bai yi rawa ba, don a saninta ba tafiya za ta yi ba. Rakiya ta zo, za ta faɗi abin da ke bakinta ta sauka.

Ta zauna a gefen kujerata, ta ba taga baya, ta kawo bakinta kusa da kunnena. Ta fara da man gyaɗa: babbar kwalba ta girki ce, ƙaramar a riƙa ɗumama ta ana shafa wa Iya a hannun da ya mutu, daga kafaɗa zuwa yatsu, ba daga yatsu zuwa kafaɗa ba. Zabbi a yanka ɗaya, a bar ɗaya ya huta. A gaida surukar Iya, matar ɗanta, a gode mata, ko da ba ta yi abin godiya ba. A gaya wa Iya tsamiyar gidan Baba ta yi 'ya'ya bana har reshe ya karye.

Tana cikin maganar tsamiya na ga bishiyar maina ta fara ja da baya.

A hankali jirgin ya tashi, ko ruwan da ke cikin butar mai kifi bai zuba ba. Ta saman kafaɗar Inna na hango Kawu ya dawo a guje, hula a hannu, bakinsa a buɗe. Ya tsaya inda ƙofar take a da, ya sunkuya, ya ɗago takalma biyu yana nuna wa jirgi su. Mai kifi ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗora yatsa a leɓe na roƙe ta da ido. Ba ta san labarinmu ba, amma mace ce mai ganewa, ta mayar da bakinta ta rufe. Ban ce uffan ba, kuma har gobe in aka maimaita haka zan yi.

Inna ba ta san abin da ake ciki ba, ta ci gaba. Ta gama da maƙwabtan Iya, ta gama da jikoki. Sai muryarta ta yi ƙasa.

"Ki ce mata na zo har bakin hanya. Ki ce ba ƙi na yi ba. Ki ce ta yafe mini, in ba mu gana ba."

Ta share ido da mayafi, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce bari ta sauka kada ta tsai da bayin Allah. Ta juya ta fuskanci taga. Gonaki na wucewa, karan dawa a tsaye, wani makiyayi da tumakinsa ya zo ya shuɗe. Ta daɗe tana kallo. Na tashi na tsaya a bayanta na buɗe hannuwa, ina jiran ta faɗo.

"Tafiya yake?"

"Tun ɗazu, Inna."

Ta dubi ƙafafunta. A tsaye take, babu abin da ta riƙe. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, ta ɗaga ɗayar, kamar mai gwada sabon daɓe. Ta taka zuwa ƙarshen taragon, mutane na janye ƙafafu suna ba ta hanya, ta juyo ta dawo. Na duba goshinta, a bushe yake. Ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu, ta tambaye ni wane irin direba ne wannan marar ta ido, da zai tashi da mutum bai gama sallama ba, ko ba shi da uwa ne a gida.

Dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo ta, na rasa wanda zan yi. Mai kifi ta ce don Allah a fitar da ita daga duhu. Na ba ta labari, na kusa suka ji, suka gaya wa na nesa, kafin wani lokaci duk taragon ya san cewa tsohuwar nan marar takalmi daga Nijar take, kuma rabonta da abin hawa mai inji tun wannan malamar tana goye. Mai kifi ta rangaɗa guɗa. Tsohon nan mai keken ɗinki ya taso takanas ya yi wa Inna barka. Da mai duba tikiti ya zo na kwance bakin zane na miƙa masa biyu, Inna ta harare ni ta ce ashe da shirina.

Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan ba. Inna ta karɓe kujerar taga. Ta yi alwala da butar mai kifi ta yi azahar a kan tabarmar mai jego. A Malam Madori ta sayi dafaffen ƙwai ta taga, ta yi ciniki kamar a kasuwar garinmu, ta ci biyu, ita da ta yi watanni tana tsakurar tuwo. Ta yi wa wata ɗaliba faɗa a kan ɗaurin ɗankwali. Har gyangyaɗi ta yi, kanta a kafaɗata. Da muka doshi Nguru ruwa ya bayyana shimfiɗe da fararen tsuntsaye a kansa, ta ce ashe Iya ba ƙari take yi ba da take ba su labari. Kawu ya kira ni a waya yana haki, ya ce bai ko kai rabin jirgin ba, ya tambaya yadda zai yi da takalma. Inna ta ce a gaya masa ya adana su, kuma ya shayar da bijimai.

A Nguru ɗan Iya ya zo tarye mu da motar abokinsa. Inna ta dube ta ta kau da kai, ta ce a sa kaya, ita a nuna mata hanya. Mai kifi ta ciro silifa daga kwandonta, Inna ta yi godiya ta ce rabin rayuwarta a gona ta yi shi ba takalmi. Haka muka ratsa garin da la'asar, ita a gaba ƙafa tsirara, ni a baya da kwandon zabbi.

Iya na kwance a kan katifa a ƙasa, fuskarta na kallon ƙofa. Don haka ƙafafun ta fara gani, sun yi futu-futu da ƙasa. Ta bi su da ido zuwa sama. Bakinta ya yi ta motsi kafin magana ta fito, a karkace, amma duk mun ji.

"A ƙasa kika zo?"

Inna ta durƙusa ta kama hannun mai lafiyar. "A zaune na zo, Yaya. Har barci na yi."

Iya ta kira ta da sunan nan. Na ajiye kwando na ce wa Inna ga sallahunta nan na mayar mata, ta bayar da kanta. Ta fara, ta kai wajen neman yafiya, Iya ta zare hannunta ta rufe mata baki. Na fita tsakar gida na bar su, na zauna a kan turmi na yi kukana mai daɗi.

Ni na koma bakin aiki, Inna ta zauna. Ita ta riƙa shafa man daga kafaɗa zuwa yatsu, ita ke ba ta kunu a baki. A lakwal kuwa lokacin ana ta gardamar hanyar jirgin da ake cewa za a ja daga Kano zuwa Maraɗi. Malamai maza suna shan shayi suna yanke hukunci: wani ya ce asarar dukiya ce, a yi kwalta ya fi, wani ya ce ai don siminti da albasa za a yi, talaka ba ya bukatar jirgi. Da can ba na sa musu baki. Wannan karon na ce musu ni ban san lissafin gwamnatoci ba, amma na shiga tarago na ga waɗanda ke ciki, kuma ban ga siminti ba. Na ga mai jego da ta samu wurin miƙe ƙafa, da tsohon da ba a ɗaure masa keken ɗinki a bayan mota an karya ba, da uwata. Na ce duk wanda ya sa hannu aka cire ciyawa daga kan ƙarfen nan, ban san shi ba, amma yana cikin addu'ata, kuma in da za a tambaye ni, a ja wani ta Magarya har Damagaram. Suka ce Madam ta shiga jirgi sau ɗaya ta zama injiniya. Na ce sau biyu ne, da dawowa.

Iya ta rasu kafin saukar damina, kanta a cinyar Inna. Na je ɗauko ta bayan an share makoki. Na yi zaton zan same ta a karye, sai na tarar da ita a natse, tana raba wa jikokin Iya kayan kakarsu. A tashar Nguru ita ta riga ni hawa, ta kama mana wuri, har tana nuna wa wata baƙuwa inda ake sa kaya.

Kawu na jiran mu a Gagarawa, bijimai a gindin mainar nan. Jirgi na tsayawa ya zo ya jera takalman a ƙasa gindin matakala, ya wanke su har sun yi fari. Inna ta sauko ta zura ƙafafunta ciki, ta amsa gaisuwar Kawu da ta'aziyyarsa. Muka ɗora kaya a amalanke, na gyara mata wurin zama a kan buhu. Jirgi ya yi kuka zai tashi. Na juya in ce ta hau, sai na ga ta gyara mayafi ta nufi wajensa. Na kira ta na ce Inna ina kuma za ki, rana na yi.

"Ku ɗan jira ni," ta ce. "Bari in taka masa."

Ta bi gefensa a hankali yana tafiya tana tafiya, har taragon ƙarshe ya wuce ta.